Daɓen Ɗakin Inna

Ni dai ban taɓa ganin mace mai faɗa kamar uwar mijina ba, kuma in kun ji ni Mairama na ce wani shina da faɗa, to ku yarda, don ni ma bakina ba shi zama wuri guda. Inna Hadiyya ake ce mata nan Unguwar Lalle. Tun ranar da anka kawo ni gidan nan take gyara mani riƙon tsintsiya, yau ga ni har na aurar da ɗiya, amma a wurinta ban iya shara ba har gobe. Tuwona ya yi ruwa, miyata ta yi gishiri, wankina bai fita ba. Ni kuwa in ta faɗi ɗaya sai na tanka, cikin ladabi dai, amma sai na tanka. Haka muke zamanmu, kuma wallahi daɗinshi muke ji.

Ɗiyanta maza biyu ne. Babban shi ne maigidana, Labbo, manomi, wanda ita ba ta kama sunanshi don ɗan fari ne, ni ma ba ni kamawa a gabanshi. Ita "wancan" take ce mashi, ni in ce "Malam". Ƙaramin shi ne Attahiru, autanta, shina aikin ofis a Sakkwato da iyalinshi. Shi kam sunanshi ba shi fita bakinta. In an dama fura mai kyau, Attahiru na son irin wagga. In an yanka zakara, Attahiru ƙirji shike ci. Ƙato da shi, har furfura ta fara fito mashi a gemu, amma in tana zancenshi sai ka ce jiya anka yaye shi.

To bana, bayan an gama kaka, gero ya shiga rumbu, sai ɗari ya sauko da ƙarfinshi. Da asuba ruwan randa sai ka ce shina cizo. Inna ta kama tari, irin mai tashi daga can cikin ƙirji. Kuma gaskiya ɗakinta ya tsufa. Bango ya tsage ta gabas har kana hango haske, ƙyaure ya karkace, ƙasan ɗakin ya farfashe ya yi ramuka. Duk shekara in rani ya kama Malam shina bin gidan da gyara, shi yi yaɓe, shi sake darni na kara da ya kewaye gida, shi ɗora wa rumbu sabuwar jinka, amma in ya zo kan ɗakin Inna sai ta ce a bar mata abinta, ita ba ta son a riƙa ɗaga mata kaya.

Wata ranar Juma'a Attahiru ya kira wayar Malam ya ce a ba Inna. Suna cikin gaisawa tarin ya turnuƙe ta, ta yi ta yi har sai da na karɓi wayar na riƙe mata. Da tarin ya lafa, sai na ji muryarshi ta sake.

"Inna, wanga abu ya isa haka," in ji shi. "Ƙarshen shekara in an ba mu hutu za ni zo in ɗauke ki. Ki dawo wurina da zama gaba ɗaya. Na gyara maki ɗaki, ga asibiti kusa. Wancan ɗakin naki shi ne ciwonki."

Na zuba ido ina jiran ta wanke shi tas. Matar da ko canza mata wurin ajiye buta ka yi sai unguwa ta ji. Amma Inna sai ta ce, "To." Ta ture wayar gefe.

Wannan "to" ɗin ya ba ni tsoro. Na san ba ta iya yi wa autanta musu, shi kaɗai ne duk duniya. Kuma na san in anka kai ta Sakkwato anka sa ta a ɗaki mai santsi, ba awakinta, ba maƙwabtan da take leƙawa ta katanga, ba ni da za ta yi wa faɗa, to tarin ba shi ne za shi kayar da ita ba.

Daga ranar Inna ta bar magana. Da hantsi ta fito ta zauna a rana da gwadonta, ta yi ta kallon ƙofar ɗakinta. Na yi shara a gabanta na bar ƙasa tuli a lungu da gangan, ba ta ce komi ba. Da yamma na tuƙa tuwo na sake shi ya yi ruwa, kai, ko ni na ji kunyar kai shi. Ta sa hannu ta ci loma biyu ta ce, "Allah shi yi albarka." Na koma madafa na zauna, hawaye sunka zubo mani. Ni da nake cewa da ma in samu yini guda kunnena shi huta, ga shi ya huta, kuma ban ji daɗin komi ba.

Da Malam ya dawo daga masallaci na tare shi a zaure.

"Malam, kana gani za a ɗauke mana tsohuwa kana shiru?"

"To mi za ni ce, Mairama? Yaron nan gaskiya gare shi. Ɗakin ba shi zaunuwa."

"To a mai da shi mai zaunuwa mana! Ba kai ne mai gyaran gida ba? Rumbu ka yi wa sabuwar hula bana, akurkin kaji ma ka ɗaure shi, uwarka ce za ta rasa bango? Ka bar darnin nan, ka fara da ɗakinta. In Attahiru ya zo ya tarar da ɗaki garau da ɗumi, sai mu ga da wace hujja za shi ɗauke ta."

Ya sosa ƙeya. "Ai ba ta yarda."

"Bar ni da ita."

Na same ta a rana na durƙusa. Ban yi wani kewaye-kewaye ba. Na ce, "Inna, kina son zuwa Sakkwato?" Ta kawar da kai. Na ce, "To in ba ki so, ki tashi ki koma ɗakina, a fitar da kayanki a gyara naki. In kuwa kina so, in fara ɗaure maki kaya tun yau, har da daddawa in sa maki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke, 'yar nan, ni kike yi wa wagga magana?"

"Ke fa, Inna."

"Marar kunya," in ji ta. Sai ta miƙo hannu in tashe ta.

Washegari munka fara fitar da kaya. Tasoshi, ƙore, tabarmi, tsohuwar fitila, da gadon ƙarfen da Attahiru ya aiko mata shekarun baya. Saboda gadon nan ne ma anka rushe gadon ƙasarta, wanda ake hura wuta ƙarƙashinshi lokacin ɗari. Shi dai alheri ya yi nufi, amma tun da ta hau ƙarfe sanyi ya san hanyar ƙashinta. Komi munka fitar ba ta ce uffan ba, sai da na kai hannu kan adudunta. Wani tsohon adudu ne na tufafi, shina nan dama da ƙofa a jikin bango, bisa duwatsu don gara. Tun zuwana gidan a nan na gan shi, kuma ita kaɗai ke share wurin.

"Kar ki taɓa shi!"

"Inna, daɓe za a sake fa. Ya za a yi daɓe da adudu a ɗaki?"

"A yi a kewaye shi. Nan wurin ba a fasa shi."

"Haba Inna, sai ɗaki shi fito rabi sabo rabi tsoho? Mutane su ce Mairama ce ta tsaya kan aikin?"

"Su ce. Da ma mi kika iya?"

Kai, na ji haushi, amma can ƙasan raina na ji sanyi, don muryar ta fara dawowa. Na ce a zuciyata ko wani abin tsofaffi ta binne a wurin, ita ta sani. Munka bar adudu inda shike.

Malam ya ɗebo jar ƙasa da amalanke daga bayan gari, shi da maƙwabcinmu Wakili. Sunka zuba ruwa, sunka yayyanka ciyawa a ciki, sunka naɗe wando suna cuɗawa da ƙafa cikin wanga sanyi, suna tsalle-tsalle kamar masu taka garwashi. Inna ta sa anka kai mata tabarma kusa. Da farko kallo kawai take. Can sai na ji, "Ke Mairama, gaya wa wancan ƙasar nan ba ta ruɓa ba. Shi bar ta ta kwana." Alhali ga shi nan gabanta, ko taku uku babu. Malam ya ce, "An ji, Inna." Ya bar ta ta kwana. Da sunka zo yaɓe kuma, "Gaya wa wancan ya cika kauri ta ƙasa, za ta zubo." Ni dai ina tsakiya ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin junansu sarai.

Sunka toshe tsagar gabas, sunka shafe bangon ciki da waje sumul. Malam ya hau rufi ya duba azara, ya sake guda da gara ta ci, ya ƙara ƙasa a sama, ya gyara indararo tun damina ba ta tuna da mu ba. Ƙyauren ya cire shi ya kai wa kafinta a Sabon Birni ranar kasuwa, ya dawo da shi shina rufuwa ruf. Sannan ya gina gadon ƙasa a lungun yamma, da ƙofar wuta ta gefe. Wai don ɗoki shina son shi hura wuta a ciki ranar don shi bushe da wuri. Inna ta kusa tashi tsaye.

"Gaya wa wancan in ya sa wuta a ɗanyen gado ya tsage, shi za shi kwana a kai!"

Ranar ta cinye tuwonta duka, har ta ce a ƙara miya.

Saura ƙasan ɗaki. Malam ya ce a sawo siminti a shafe a huta, ai kowa haka shike yi yanzu. Inna ta ce ita ba ta taka siminti da ɗari, sanyinshi har cikin haƙori. Daɓe take so, irin na da. To daɓe kuwa aikin mata ne, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai an yi gayya. Ana fasa tsohon, a zuba burji, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe da madaɓai suna bugu har ƙasa ta kwanta. Sannan a riƙa zuba ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da anka jiƙa, ana ƙara bugu har saman shi yi ja shina sheƙi. Rabon da a yi shi a unguwarmu har na manta.

Na yafa gyale na shiga gida-gida. Ina tsoron a yi mani dariya, ashe ban san Inna ba. Maƙwabciyarmu Bara'atu, matar Wakili, ina faɗi ta dafa ƙirji. "Ɗakin Inna Hadiyya? Ai ita ta yi mani daɓen ɗakin amarcina! Ko ba ki kira ni ba sai na zo." Gidan Larai haka, gidan gaba haka. Ashe rabin matan unguwa bisa daɓen Inna sunka fara taka gidan miji. A zamaninta ita ce kan gaba, kuma duk sun tuna abu guda: in ta gama daɓe, ko kaza ba ta isa ta taka ba sai ya bushe. Larai ta ce ta taɓa bin wani bunsuru da madaɓi tun daga tsakar gida har bakin rijiya.

Madaɓan ma sai da anka yi nema. Na Bara'atu an tokare ƙofar akurki da shi, na Larai jikokinta na wasan mota da shi. Anka wanke su anka kawo. Makuba Malam ya samo mana a kasuwa, na jiƙa ta a tsohuwar tukunya, ruwan ya yi ja wur, warinshi ya cika gida.

Attahiru ya ce ranar Lahadi za shi zo. Sai munka sa daɓe Asabar, don in ya iso shi tarar an gama, shi leƙa daga ƙofa shi gani da idonshi.

Asabar tun da hantsi mata sunka cika gidan. Na dafa dambu da zogale, na dama fura ƙwarya biyu. Anka ɗaure awaki, anka kora yara gidan Wakili, anka rufe kaji. Mata sunka shiga sunka jeru, bugu ya kama, tim, tim, tim, har a ƙirji kake jin shi. Bara'atu ta ɗauko waƙar daɓe, sauran suna amsawa, suna sa sunan mazajensu a ciki suna yi masu tsiya. 'Yan matan da ba su taɓa gani ba sunka karɓa suna gwadawa, suna bugun yatsun juna ana dariya. Inna kuwa tana bakin ƙofa bisa kujera 'yar tsugunne, gwado a kafaɗa, sanda a hannu tana nuni.

"Larai, can lungun bai ji ba. Ke wagga, ba sussuka kike ba, kwantar da hannu! Mairama, ruwan ya yi yawa, kunu za ki dama mani a ɗaki?"

Tari ya zo mata sau ɗaya ko biyu, ta kore shi da faɗa. Da anka zo wajen adudu ta sa anka bi gefenshi a hankali, anka haɗa sabo da tsoho ba tare da an motsa shi ba. Bayan azahar anka zuba ruwan makuba na ƙarshe, anka lallaɓa saman, anka fito da baya-baya ana shafe sawu. Wallahi ɗakin ya yi kyau. Ja, sumul, sai ƙamshin ɗanyar ƙasa. Na ɗauko zana za ni kare ƙofar, Inna ta ce in bari iska ta shiga, ai an ɗaure dabbobi, yara ba su nan, wa za shi taka?

Munka koma bayan rumbu inda rana take, munka baje tabarmi, anka sa dambu a tsakiya. Ana ci ana hira, kowa na nuna kantar hannunta. Hayaniyarmu ta hana mu jin sallama.

Ni na fara hango shi. Na taso ɗebo ruwa, sai ga mutum da farar shadda da jaka a hannu ya ratso tsakar gida, kai tsaye ya nufi ɗakin Inna kamar yadda ya saba duk zuwanshi. Attahiru! Ashe ya samu mota tun Asabar, ya sauka a garin Isa ya hawo wata. Ya tsaya bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ɗan halak, don ba shi shiga ɗakin uwarshi da takalmi. Na buɗe baki, kafin murya ta fito ya ce, "Salamu alaikum, Inna," ya zura ƙafar dama.

"Kai! Kai! Kai!"

Ya daskare da ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ya duba ƙasa, ya ɗago ƙafar a hankali, ga ta ja da makuba. A sabon daɓen kuwa, dab da adudu, ga sawunshi zaune raɗam, diddige da yatsu biyar, ƙato kamar faifai.

Mata sunka taso da gudu, hannu duk dambu. Bara'atu ta ce, "Innalillahi!" Larai ta kama baki. Ni kuwa raina ya ɓaci, na manta da baƙo ne.

"Amma dai ɗan birni ba ka da ido! Yini guda muna bugu, hannuwanmu sun yi kanta, ka zo ka sa mana hatimi? Ko akuyar gidan nan ta fi ka sanin daɓe!"

"Matar Yaya, yi haƙuri, wallahi ban lura ba," in ji shi. "Na ga ɗakin ya yi kyau ne kawai."

Sai mata sunka dare, don ga Inna tafe da sandarta. Duk mun san labarin bunsuru. Ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ta dubi sawun, ta dubi ƙafar ɗanta, ta sake duban sawun. Na ga haɓarta na rawa, na ce yau auta za shi sha abin da bai taɓa sha ba. Sai kawai ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, hawaye na zuba, Attahiru ya riƙe ta shina "Sannu Inna, sannu."

Da ta samu numfashi ta ce, "Kai dai ba ka sake hali. Mairama, miƙa hannu ki ɗaga adudun nan."

"Wanda kika ce kar a taɓa?"

"Ɗaga na ce."

Daga bakin ƙofa na durƙusa na miƙa hannu, Bara'atu ta kama mani, munka ɗago shi munka fitar. Ƙarƙashinshi ga tsohon daɓe, baƙi, ya sha shekaru, an share shi fes. A tsakiyar duwatsun nan kuwa ga wani ɗan sawu, ƙanƙane, bai kai tafin hannuna ba. 'Yan yatsu biyar kamar ƙwayar gujiya. Ƙafar dama ce shi ma.

Inna ta nuna da sanda. "Wanga naka ne. Shekarar da anka gina ɗakin nan, kana tatata. Na gama daɓe na juya in sha ruwa, ka sulale ka shige kana kirana. Sauran sawun na shafe su. Wanga na ɗaga madaɓi, hannuna ya ƙi." Ta share ido da bakin gwado. "Sau nawa ina sake daɓen ɗakin nan, ina kewaye shi. Da ka tafi makaranta, da ka tafi Sakkwato, in na ji kewarka sai in ɗaga adudu in duba."

Ni da na shekara ashirin da wani abu ina ce wa tsohuwar nan mai rigimar banza a kan adudu, kunya da tausayi sunka rufe ni lokaci guda.

Attahiru ya tsuguna a bakin ƙofa da farar shaddarshi cikin ƙasa. Ya daɗe shina kallon sawun biyu, ƙarami da babba, kusa da juna. Sannan ya ɗaga kai ya bi ɗakin da kallo, bangon da anka shafe, sabuwar azara, gadon ƙasa a lungu.

"Yaya ne ya yi wanga duka?"

"Shi da Wakili," na ce. "Daɓe kuma ga masu shi nan, ka ɓata masu."

Inna ta dafa kafaɗarshi. Muryarta ta yi ƙasa, irin wadda ni ban taɓa samu ba. "Attahiru, ka ce in bi ka, na ce to, don ban iya ce maka a'a. In ka ce mu tafi gobe, za ni shiga mota. Amma ka san yadda za ka yi ka ɗauko mani wanga wuri mu tafi da shi."

Ya sunkuyar da kai. Ƙato da gemu, sai ga shi shina share hanci da bayan hannu. Mata sunka kawar da ido, Larai ta ja 'yan matan sunka koma wajen dambu.

"Inna, tarin nan ne ke hana ni barci," ya ce.

"To a kai ni likita shi duba, in sha magani. Ban ƙi ba."

"Za ki bi ni a duba ki, in an gama in maido ki da kaina?"

"In daɓena ya bushe, na kwana bisa gadona na ji ɗuminshi, sannan. Kuma kwana kaɗan. Awakina ba su san hannun wagga ba." Ta nuna ni da baki.

Ya yi dariya cikin hawaye. "To, Inna. Ki zauna ɗakinki."

Malam da ya shigo tun ɗazu ya tsaya daga nesa, sai na ji ya ce "Alhamdu lillahi" a hankali, ya juya wai shina duba darni. Ni kuwa daɗi ya cika ni har ban san abin da za ni yi da hannuna ba. Sai na rarumi madaɓin Bara'atu na durƙusa, na ce bari in shafe wanga ƙaton sawu tun ƙasa na da laushi.

Sandar Inna ta sauka a kan madaɓin, ƙwas.

"Wa ya aike ki?"

"Inna, a bakin ƙofa fa shike. Kowa ya shigo sai ya gani."

"Shi gani. Bar mani abina."

Na bar shi. Adudun ma ba a mai da shi wurin ba, ta sa anka ajiye shi can gefen gado bayan ɗakin ya bushe.

Da magariba na tuƙa tuwon gero, na tsaya na yi shi da kyau saboda baƙo, na yi miyar kuka da man shanu. Na kai masu ɗakina, inda Inna ke zaune da autanta a gefe shina ba ta labarin jikokinta. Ta sa hannu ta gutsura, ta juya lomar, ta ɗago ta dube ni.

"Ke 'yar nan, wanga tuwo ne ko dutsi? So kike ki ƙarasa mani haƙoran?"

Na ce, "Gobe a gyara, Inna." Na fito ina murmushi, na kare ƙofar sabon daɓen da zana, na tafi kwance awaki.